Yawo A Bakin Binuwai: Garwa, Lagdo Da Wani Gari A Fotugal



Duk wanda ya taso daga Yawunde ko Duwala ya nufi arewa, ya kwana cikin jirgin ƙasa har Ngaundere, sa'an nan ya hau mota ya gangaro dutsen nan mai kwane-kwane, to, ba zai shiga Garwa ba sai ya haye gadar Binuwai. Yawancinmu in mun iso gadar nan gajiya ta riga ta ci ƙarfinmu, zafi kuma ya fara gaishe mu, saboda haka ba mai leƙawa ƙasa. Kowa hankalinsa yana tasha da ɗan babur ɗin da zai kai shi gida. A wannan wata ina so mu tsaya mu leƙa, domin kogin nan shi ne ya haifi garin, ko da ya ke yau garin ya juya masa baya.

Daura da gadar, a gaɓar da gari ya ke, akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa. Matsayar jirage da aka yi da kankare tana nan, manyan sito-sito suna nan, amma in ka je da rani abin da za ka tarar a gabanta yashi ne fari fat, ruwa kuwa ya tsuke ya koma can tsakiya yana tafiya a hankali. Samari suna nutso suna cika kwale-kwale da yashi, manyan motoci suna jiran su a bakin gaɓa don kai wa masu gini. Mata suna wanki, yara suna wanke babura, ga lambuna kore shar a inda ruwa ya janye. In ka yi sa'a da yamma sai ka hangi kan dorina ya ɓullo, ta busa ruwa ta koma. Sai damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, wurin ke ɗan tuna abin da aka gina shi dominsa, watau lokacin da manyan kwale-kwale masu inji ke haurowa daga wajen Yola da kayan Nijeriya, har da man feturin nan na jarka da kowa ya sani da sunan zuwa-zuwa.

Asalin mutanen wannan kwari su ne Bata, ma'abota ruwa da su, da kuma Fali waɗanda duwatsun Tingilin suka zama mafakarsu. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Fulani suka kafa garin a farkon rabin ƙarni na 19, ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi, yana bin Yola. Kakanninmu Hausawa fatauci ya kawo su. Sun zo da tufafin Kano da baƙin rini da kanwa, sun koma da hauren giwa, kuma gaskiya ɗaya ce, har da bayi, don cinikin zamanin ke nan. Waɗansu suka ga wuri suka zauna. Unguwar Hausare da ke cikin gari ita ce shaidar zamansu, haka kuma sunan unguwar Yelwa ba ya bukatar tafinta a wurin Bahaushe.

Turawa kuwa ruwan ne ya jawo su. Ran 18 ga Yuni 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya tsaya a inda kogin Faro ya haɗu da Binuwai, yamma da Garwa, ya rubuta wa mutanensa cewa ga hanyar ruwa da za ta kai jirgi tsakiyar Afirka. A 1854 Baikie ya hau kogin da jirgi mai hayaƙi daga teku. Bayansu sai wani Bajamushe, Flegel, wanda ya bi ƙasar Adamawa har ya kai mafarin kogin a tudun Ngaundere a 1882. Abin da ba a faye koya wa yara ba shi ne, wanda ya nuna wa Flegel hanya Bahaushe ne, Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, kuma a 1884 Flegel ya tafi da shi da wani madugun har birnin Balin. Ashe tun kafin a san da fasfo, wani madugu da ya saba da hanyoyin nan namu ya riga ya ga Turai ya dawo. Jamus ta kame Garwa a 1901. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sojan Ingila suka kawo hari daga Nijeriya a Agustan 1914 aka kore su, suka sake dawowa tare da na Faransa, da wata igwar jirgin ruwa da suka hauro da ita ta kogin, har Jamusawa suka miƙa wuya ran 10 ga Yuni 1915.

Zamanin Faransa ne tashar ta yi tashe. Yadda abin ke tafiya shi ne, daga Garwa zuwa teku ta ruwa kimanin kilomita 1,500 ne: a bi Binuwai ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi har Lakwaja, a faɗa kogin Kwara, a gangara zuwa Burutu ko Warri. Amma kogin ba ya ɗaukar manyan jirage har Garwa sai na wata biyu zuwa uku a shekara. Saboda haka duk audugar da gyaɗar da aka saya da kaka sai a jibge su a sito su yi wata da watanni suna jiran ruwa. Da zarar kogi ya cika, jiragen kamfanonin Ingila irin su U.A.C. da Janhol su iso suna jan kwatarniyoyin ƙarfe cike da siminti da gishiri da man fetur da kwanon rufi. Daga nan ba dare ba rana, 'yan dako suna saukewa suna lodi, don in ruwa ya fara janyewa jirgi bai bar Garwa ba, to, sai ya shekara a kan yashi. Tsofaffin unguwarmu da suka yi dako a lokacin sun ce abin da mutum ke samu a waɗannan makonni shi ne kuɗin aurensa da na ragon layyarsa. Ba arewacin Kamaru kaɗai ba, har kudancin Cadi ta nan ya ke fitar da audugarsa.

Mutuwar tashar ba ta zo rana ɗaya ba. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe bakin hanya a kudu, jirage suka daina zuwa. Kafin a farfaɗo, a 1974 jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, aka kuma shimfiɗa kwalta daga can zuwa Garwa, 'yan kasuwa suka ga hanyar da ke aiki wata goma sha biyu ta fi wadda ke aiki wata biyu. Ga fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwa, ga yashi yana ta taruwa ba mai yashewa. Sai kuma madatsar Lagdo ta zo a 1982 ta riƙe ambaliyar da jirage ke hawa a kanta. Yau audugar kamfanin SODECOTON, wanda hedkwatarsa ke nan Garwa, a mota ta ke tafiya Ngaundere, jirgin ƙasa ya kai ta Duwala.

Abin da ya sa na koma ina kallon wannan wuri da sabon ido shi ne wata 'yar tafiya da Allah Ya nufe ni da yi zuwa ƙasar Fotugal, wurin wani ƙanena da ke aiki a birnin Porto. Mu 'yan Kamaru muna da tsohuwar alaƙa da mutanen nan, ko mun sani ko ba mu sani ba. Matuƙan jirginsu ne suka shigo bakin kogin Wuri wajen 1472, suka tarar da jatan lande jingim, suka kira shi Rio dos Camarões, watau kogin jatan lande, kuma daga nan sunan ƙasarmu ya fito. Wata ranar hutu ƙanen nawa ya ce in shirya zai kai ni wani gari da ruwa ke ratsa tsakiyarsa. Muka hau jirgin ƙasa muka yi kudu, tafiyar kamar awa ɗaya, muka sauka Aveiro.

Garin ba shi da girma, Garwa ta ninka shi yawan jama'a. Yana zaune a bakin wata babbar fadamar ruwan gishiri inda kogin Vouga ke shiga teku, an kuma yanka hanyoyin ruwa sun shigo har tsakiyar kasuwa, da ƙananan gadoji a kansu, gidaje kuwa an manne fuskokinsu da tangaran mai zanen shuɗi. A kan ruwan akwai dogayen jirage masu lanƙwasasshen goshi kamar ƙahon rago, waɗanda su ke kira moliceiro. An yi musu fenti ja da rawaya da shuɗi, an zana hotuna a goshi da gindi, waɗansu na addininsu, waɗansu kuwa na barkwancin da malamin makaranta ba zai fassara wa ɗalibansa ba. A da aikin jiragen nan shi ne kwaso ciyawar ƙarƙashin ruwa a kai gona a yi taki da ita, don ƙasar wurin rairayi ce. Da takin zamani ya zo sana'ar ta mutu. Yanzu baƙi su ke ɗauka, a zaga da su kamar minti 45 a dawo, matuƙi yana ba da labari da harshe uku. Kusa da inda a ke hawa jirgin akwai mutum-mutumin wani ɗan garin, João Afonso de Aveiro, wanda ya isa masarautar Bini ta Nijeriyar yau wajen 1485, ya koma gida da barkonon ƙasar.

Na ɗanɗana alewarsu da su ke alfahari da ita, ovos moles, wadda ba kome ba ce illa gwaiduwar ƙwai da sukari a cikin ɓawo siriri mai siffar kifi ko katantanwa. Guda ɗaya ta ishe ni, zaƙinta ya fi na alkaki. Na kuma je gefen gari inda a ke yin gishiri: a shigo da ruwan teku cikin fangali-fangali kamar na shinkafa, rana ta ƙone shi, a kankare da katako a tara tsibi-tsibi. Wata takardar wasiyya ta shekarar 959 ta riga ta ambaci gishirin wurin. A da fangalin sun kai ɗaruruwa, yau 'yan kaɗan suka rage, ɗaya ma an mai da ita wurin koya wa 'yan makaranta.

Amma labarin da ya tsaya mini a rai shi ne na yashi. A ƙarni na 16 Aveiro babbar tasha ce, jiragenta suna zuwa kamun kifi har gaɓar Kanada ta yau. A hunturun 1575 wata guguwa ta turo yashi ta toshe mashigar da ke tsakanin fadamar da teku. Jirage suka kasa shiga, ruwa ya kwanta ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga gari, gishiri ya lalace. Littattafan tarihin garin sun ce yawan mutanen garin ya ragu ƙwarai. Fiye da shekara 200 suna fama, mashigar tana buɗewa tana rufewa tana ƙaura. Sai ran 3 ga Afrilu 1808 aka buɗe sabuwar mashiga da hannu, bisa tsarin injiniyoyi biyu, Reinaldo Oudinot da Luís Gomes de Carvalho. Da duwatsun aiki suka yi ƙaranci, ganuwar garin suka rushe suka gina bangon ruwa da ita. Ku duba fa, jama'a, mutane su rushe ganuwar kakanninsu don su sami hanyar ruwa! Har yau kuma ba su huta ba, kullum cikin yashe mashigar su ke, domin tashar kayansu ta gaske tana can bakin teku tana aiki, kusa da wata hasumiyar fitila mai tsawon mita 62 da aka gama a 1893. Jiragen fentin nan na cikin gari ado ne kawai.

Da na dawo gida, hutun makaranta na farko na hau mota zuwa Lagdo don in ga inda aka ɗaure kogin namu. Ana bin hanyar Ngaundere, a wajen Ngong a ratse gabas, duka-duka tafiyar ba ta wuce kilomita 70 ba. Hanya tana bi ta gonakin auduga da masara da ƙauyukan mutanen da suka ƙauro daga Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma. Madatsar kanta ba ta da tsawo yadda mutum zai zata, mita 308 ce, tsayinta mita 40, don an sa ta ne a wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka gina ta tare da leburorin Kamaru daga 1977 zuwa 1982, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne. Amma in ka hau ka dubi bayanta sai ka ce teku ce: ruwa ya shafe fiye da murabba'in kilomita 500, kawunan duwatsu sun zama tsibirai. Injuna 4 ne a ciki, ƙarfinsu gaba ɗaya megawat 72, kuma shekara da shekaru su ne suka riƙe wutar Garwa da Marwa da Ngaundere. A shekarun da ruwa ya yi ƙasa, kamar wajen 2021, duk arewa ta sha duhu, abin da ya sa aka kafa tashoshin wutar hasken rana a Gidar da Marwa.

Kasuwar kifi ta bakin tabkin, Jiporde, ita ce wurin da ya fi burge ni. Tun da sassafe kwale-kwale ke isowa daga sansanonin masunta, ana sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ragon ruwa, mata suna ciniki, hayaƙin banda ya turnuƙe gefe guda. Za ka ji Fulatanci da Musgum da Kotoko da Larabcin Shuwa da Faransanci, amma in ciniki ya yi zafi sau da yawa Hausa ce ke raba gardama. Tun da tabkin ya cika masunta suka yi ta kwararowa daga kogin Lagon da tabkin Cadi da Nijeriya har da Mali. Akwai ma sansanin da a ke kira Kabawa, sunan kaɗai ya gaya maka daga inda masu shi suka fito. Wani dattijo da na zauna kusa da shi yana gyaran taru ya ce mini, "Malam, da can in ka jefa sau ɗaya ka gama aikin yini. Yanzu kuwa masu kamun sun fi kifin yawa." Ya nuna mini wata koma mai ƙananan idanu a jirgin maƙwabcinsa, irin wadda ba ta barin ko ɗan tsako, ya girgiza kai bai ƙara cewa kome ba. Hukuma takan rufe su na 'yan watanni da damina don kifi ya hayayyafa, sai dai tabkin yana da faɗi, masu tsaro kuwa kaɗan ne.

Ƙasa da madatsar, a wajen Gunugu, akwai fangalin shinkafa da a ke ba ruwa ta magudana, ko da ya ke abin da aka gyara bai kai ko kusa da abin da aka tsara tun farko ba. Wanda ya yi asara ba a faye maganarsa ba shi ne manomin masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwari. Ita ambaliya ta ke so, ruwa ya kwanta a karal ya janye a dasa ta. Da aka riƙe ambaliyar, filaye da yawa na kwarin Garwa suka daina samun wannan jiƙo. Shi kuma yashin da a da ke wucewa, yanzu a cikin tabkin ya ke kwanciya, yana rage masa ciki kowace shekara.

Akwai wani gefen maganar da ya shafe mu mu Hausawan Kamaru fiye da kowa. Kusan kowane gida namu yana da dangi a Yola ko Numan ko Makurɗi ko Lakwaja. In tabki ya cika har ya zama dole a buɗe ƙofofi don kada bangon ya fashe, wayarmu ce ke fara ƙara: "Yaya, ashe kun sake sako mana ruwa?" A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, a nan ma ta ci unguwannin Garwa da ƙauyukan kwari har Shugaba Paul Biya ya zo jaje a watan Satumba. A 2022 waɗanda suka rasu a Nijeriya sun haura 600. Amsar da na ke ba 'yan'uwa ita ce su ɗauko taswira. Mayo Kebbi da Faro duk a ƙasan madatsar su ke shiga Binuwai, haka Gongola da Taraba da Donga da Katsina Ala, ba ɗayansu da Lagdo ke riƙewa. Ministan ruwa na Nijeriya na lokacin, Suleiman Adamu, shi da kansa ya faɗa a 2022 cewa ruwan sama ne babban dalili. Madatsar Dasin Hausa kuma, wadda aka daɗe ana cewa za a gina a jihar Adamawa don ta tare abin da ya gangaro, har yanzu tana kan takarda. Wannan ba ya wanke namu ɓangaren. Wanda zai buɗe ƙofar ruwa a kan maƙwabcinsa, wajibi ne ya sanar da shi da wuri, kuma sanarwar ta isa kunnen mai gona a bakin kogi da harshen da ya ke ji, kada ta tsaya a ofisoshin Yawunde da Abuja.

Ni dai ban ga alamar manyan jirage za su dawo Garwa gobe ko jibi ba. Mutanen Aveiro mashiga ɗaya suka haƙa a cikin ƙasarsu, mu kuwa kusan duk hanyar tana cikin ƙasar wasu, ba kuma mai zuba kuɗin yashe kilomita ɗaruruwa saboda aikin wata uku. Ban kuma so a mai da masuntanmu masu tuƙa baƙi suna murmushi don a ɗauke su hoto. Amma tsakanin nan da Yola ruwa yana ɗaukar kwale-kwalen kaya kowace damina, kuma da an gyara matsayar, an sa fitila da rumfa da ofishin duwan mai tsari, da cinikin da a ke yi a ɓoye ya fito fili, da kuma an rage kwale-kwalen da ke kifewa saboda lodi ya wuce kima. Ɗaya daga cikin tsofaffin sito-siton nan zai iya zama ɗakin tarihi, a ajiye hotunan jiragen da sunayen madugai da 'yan dako tun masu tunawa ba su ƙare ba. Ɗalibaina suna iya jero kogunan Faransa a kan allo, amma da na tambayi aji guda inda Mayo Kebbi ya haɗu da Binuwai, yara uku ne suka ɗaga hannu, ɗaya ma ɗan masunci ne.

Ga wanda ke son zuwa, in yana son ganin kogin da ƙarfinsa ya zo a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. In kuwa tabkin Lagdo ya ke so da sanyin hanya, Disamba da Janairu sun fi, kafin zafin Maris ya sauko. Ya kwana a Garwa, ya yi sammako, ya isa Jiporde kafin ƙarfe 8 ya tarar da kifi bai ƙare ba. In zai shiga kwale-kwale ya yi ciniki tun a tudu, ya nemi rigar ruwa, kuma in matuƙi ya ce a kauce wa wani lungu saboda dorina tana da ɗa, kada ya yi masa gardama.